Lallen da Ya Zame

Tun da aka fara ƙera siffar mamata a kwamfuta don iyalansu su riƙa gani, aikin Talatuwa shi ne sa musu fata da tufafi daga hotunan da iyalan suka kawo. Daga hannu take farawa, fuska sai ƙarshe.

Yau tana shimfiɗa fatar wata mata, sai ga lalle ya fito, ya zame a babban yatsa. Ta kalli nata yatsan, inda lallen jiya ya zame. Iri ɗaya sak.

"Malam Sabi'u," ta kira shugabansu, "wa ya kawo hotunan nan?"

"Mijinta, da safe. Yi sauri, ya ce gobe ne jana'izar."

A garin nan kuwa gawa ba ta kwana.