Jakar Yashi a Ƙafar Ɗantala

Iya Asama'u ta jibge jakunkunan yashi biyu a gaban Mai Unguwa, tana huci.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ɗana Ɗantala yake ɗaurawa a ƙafa yana gudu, wai soja zai shiga. Gwiwa ta kumbura, yana jan ƙafa kamar tsohon jaki."

Mai Unguwa ya fusata. "A kira min telan da ya ɗinka su!"

"Tela? Allah ya yi wa tela albarka! Ƙarar wani likitan Gumel da ya ce masa ya cire su na kawo. Kullum aka ce gona, sai ragon nan ya ranta a na kare. Sai bana na cim masa, na danƙo wuyan rigarsa. Yanzu wa zai nome min gerona?"