Akwatin Ɗan Sifen

"Iƙama, ya Hajj," in ji mai gadin tashar jiragen ruwan Jidda.

Tsohon ya sauke akwatin katako daga kansa. Iƙamarsa, katin izinin zama a ƙasar, ta mutu shekara tara da suka wuce. In ya miƙa ta, sai tarhil, a mayar da shi ƙasar da ya baro tun yana saurayi. 'Yarsa ta riƙo hannun rigarsa.

"Baba, mu koma unguwarmu Mahjar. Mai akwatin nan ko salla ba ya yi."

"Ya ba ni ruwansa ranar da nawa ya ƙare. Sake ni."

Shekara arba'in ke nan da abokin aikinsa na jirgin ruwa, ɗan Sifen, ya cika a cinyarsa a tsakiyar teku. Kafin ya cika ya ce tun zamanin kakanninsa masu jiragen katako, gawar ma'aikacin jirgi a ruwa ake barin ta, amma akwatinsa dole ya isa gida. Yau irin wancan jirgi na da ya zo nuni daga garin mamacin, gobe zai juya.

Tsohon ya miƙa katin.

"Kira kyaftin ɗin jirgin tukuna, sannan ka kira askar," ya ce wa mai gadin.

Kyaftin ya karanta sunan da ke murfin, ya cire hularsa, ya rungumi akwatin da kansa.

Askar, 'yan sandan ƙasar, suka sa tsohon a mota. 'Yar ta bi motar tana kuka.

"Halas, shi ke nan, daina," ya ce mata ta taga. "Abokina ya kama hanyar gida. Ni ma haka."