Kallabin Kaka a gindin tukunya

Wata la'asar a Takieta, Kaka na kwance da zazzaɓi, ga ƙwan da take kaiwa tasha sayarwa ba a dafa ba. Na ce zan dafa, Inna ta ce fasawa zan yi. Kaka ta miƙo mini tsohon kallabinta.

"Shimfiɗa a cikin tukunya daga ƙasa, ki jera ƙwan a kai. Ruwan randa za ki zuba, wuta kaɗan-kaɗan. Ƙwai ba ya son garaje."

Da na sauke, Inna ta jujjuya kowanne tana neman tsaga, ba ta samu ba. Ita da kullum ke cewa ƙwai na sa yaro sata, sai ta ɓare ɗaya ta miƙo mini.

Har yau ban ci mai daɗinsa ba.