Waken da Aka Ajiye a Duhu

Motar Maraɗi na bayan sababbin tankokin mai a kan iyakar Jibiya, tana jiran a ɗaga sanda, Rabi'a, budurwar Lado da za ta koma gida Maraɗi, ta sauko da gwangwani biyu.

Lado ya tsaya kallonsu. Wake ne ya shuka don gwajin da aka ba shi a jami'a, inda yake karatun tsirrai: ɗaya a rana, ɗaya a duhu, a auna tsawonsu. Ita ya bar wa amana. Ga shi duka biyun kore shar.

"Rabi'a, ina na duhun?"

"Na fiddo shi, Malam. Ya yi fari fat, ya miƙe siriri yana neman haske. Tausayi ya ba ni."

"Ai abin da ake son gani ke nan."

Ta gyara mayafi, ba ta dube shi ba. "Shekara biyu Baba bai san da zamanka ba. Ni ma auna ni kake yi?"

Direba ya danna oda yana kiran fasinja. Lado ya daɗe yana duban ganyen.

"Ranar Juma'a kawunnaina za su tsallako Maraɗi."

Ta miƙa masa gwangwani ɗaya, ta rungume ɗayan.

"Wannan sai su zo su amsa."