Kwanon Gidan Tabawa

Tun da aka kafa dokar kwano, duk mai riƙe da tattalin arzikin ƙasa ba ya cin komai sai abin da wani gidan talaka ya ci. Ƙuri'a ta haɗa Babban Sakatare Barau, mai riƙe da tattalin arzikin, da gidan Tabawa mai wankau. Aka sa masa munduwa a hannu. In ya haɗiye lomar da ba ta gidan ba, sai ta matse shi.

Shekarar da ya ƙara harajin hatsi, wata guda ya yi yana shan kunu tsararo, don abin da gidan Tabawa ke iya samu ke nan. Da kansa ya soke harajin.

Yau shekararsa goma sha biyu, kuma yau zai ajiye aiki. Doka ta ce in babu nama a kwanon ƙarshe, da munduwar za a binne shi. Bai jira a aiko masa da kwanon ba, ya tafi gidan da ƙafarsa.

Tabawa ta dire masa kwano. Ya buɗe, tuwo ne da miyar kuka. Gumi ya keto masa.

"Inna, shi ke nan?"

Ta tuntsire da dariya. "Haba Yallaɓai! Duk shekarun nan ba ka san a ƙasan tuwo nake ɓoye nama ba?"

Ya tona, sai ga tsoka har biyu. Munduwa ta faɗi ƙasa, ta bar farin zobe a fatarsa.

Ya suɗe hannu. "Gobe ma a aiko."

"Kwano na magajinka ne yanzu. Kai dai ka zo, tabarma ba ta da doka."