Wace Ce Doguwa?

An sake goge layin. Karo na uku ke nan.

Tun da Baba ya rasu muke sauraron ƙaramar MP3 ɗinsa, wadda yake naɗar muryarsa a ciki. Ni da Yaya da Auta muka buɗe takarda guda a intanet, kowa yana rubuta abin da ya ji. A fayil na tara na ji Baba yana rera waƙa ƙasa-ƙasa: "Doguwa, Doguwa, ke ce fitilar ɗakina." Layin da ake ta gogewa a takardar ke nan. Mamanmu kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba.

Na kira Yaya. "Kai kake rufa masa asiri ko? Wace ce Doguwa?"

"Wallahi ban taɓa wurin ba. Duba tarihin gyara mana."

Na duba. Sunana na gani har sau uku, duka da rana, lokacin da nake barin wayata a caji a ɗakin Mama. Ashe ta sani, tana haɗiye abin ita kaɗai.

Na same ta tana ninke kaya. "Mama, kin san matar?"

"Wace mata?" Ta harare ni. "Ranar da ya fara ganina, a kan kujera nake tsaye ina shanya. Shekara arba'in yana tsokanata da sunan nan, ba wanda ya taɓa ji."

Ta miƙo hannu. "Ba ni abin nan. Sauran naku ne, na tara nawa ne."