Fankar Ɗakin Inna

Tun da hantsi fankar ɗakin Inna ta tsaya. Jikarta ce 'yar shekara uku ta yi ɗage ta danna makunni, ta fita tana dariya abinta. Ga shi ranar farko ta Idin Ƙetarewa, ranar da Bayahude ba ya kunna lantarki, ba ya taɓa kuɗi, ba ya hawa mota. Ɗanta Elkana ya tsaya yana kallon fankar kamar ya ci babu.

Ba shan iska ya sa ya kwaso iyalinsa daga Mumbai zuwa wannan ƙaramin otal na bakin teku a Alibag ba. Gobe mahaifinsa ke cika shekara da rasuwa, a nan kuma aka haifi marigayin. Addu'ar mamaci kuwa ba ta yiwuwa sai maza goma Yahudawa sun tsaya tare. Menashe mai otal ya yi masa rantsuwa a waya cewa abinci duk bisa ƙa'idar addini ne, maza goma kuma ya ɗauka an gama.

To, a teburin idi Elkana ya bi hulunan mazan da ido ya lissafa a zuci, ya sake lissafawa. Har da shi, har da 'ya'yansa biyu, har da mai otal ɗin, tara ne. Ya bi Menashe har madafa yana mita.

"Na ce maka goma ne, Elkana," in ji Menashe, ko juyowa bai yi ba. "Ka bar ni in ji da kifin nan kafin ya kama."

Ana wata ga wata. Inna, tsohuwa mai ciwon zuciya, tana kwance gumi ya jiƙa matashi sharkaf. Shoshana matar Elkana ta yi fifita har hannunta ya sage, tana jefo masa magana, wai da ma ta ce a zauna a gida. Ma'aikaci ɗaya tilo da ba Bayahude ba, wanda ake dogara da shi wajen kunna lantarki a irin wannan rana, ya tafi bikin ƙanwarsa.

Sai Elkana ya tuna da tsohon nan na baranda. Tun jajibiri yake nan, baƙi, siriri, da farar hula irin ta manoman ƙauye da ƙunshin tsumma a hammata. Mai gadi ne ko mai jiran sadaka, oho. Abin da Elkana ya sani shi ne, in an fito da gurasa marar yisti, tsohon ba ya jiran tayi.

Ya je ya tsaya kusa da shi ya fara zagaye-zagaye, yadda aka saba, don a addininsu ba a cika sa wanda ba Bayahude ba irin wannan aiki kai tsaye ba. Ya ce kai, yau ana zafi, ɗakin Inna kamar tanda.

"Ana zafi kam," in ji tsohon, ya ci gaba da kallon teku.

Elkana ya ƙara matsowa. Ya ce fankar ce ta mutu, makunnin kuma ga shi nan bayan ƙofa, ko yaro ya iya dannawa. Tsohon ya jinjina kai ya ce Allah ya ba tsohuwa lafiya, a jiƙa mata zane da ruwan rijiya. Ji wata shawara! Elkana ya ajiye kunya gefe ya faɗa masa ɓaro-ɓaro, har da alkawarin kuɗi rufi ɗari biyu da zarar idi ya wuce.

Tsohon ya mayar da hannuwansa baya. "Ɗana, yau ba zan iya ba, domin ni ma..."

"Kai ma me? Ci ne ka iya, danna makunni ne ya fi ƙarfinka?"

Daga nan bakin Elkana ya ƙi rufuwa. Haushin fanka, haushin Shoshana, haushin mutum tara, duk ya juye su a kan farar hular nan. Ya kira shi cima-zaune. Ya ce wannan wurin masu ibada ne, ba rumfar 'yan kwaɗayi ba, in yana da sauran mutunci ya tashi ya ba mutane wuri. Menashe yana can yana barcin rana, bai ji komai ba.

Tsohon ya juyo. Ya dubi fuskar Elkana ya daɗe, kamar mai neman wani a cikinta. Sannan ya gyara ƙunshinsa ya sauka kan yashi, ya miƙe ta bakin ruwa a ƙasa, cikin ranar nan mai ƙuna. Wani mai keken haya ya yi masa tayi, ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Da yamma wani mai sayar da kwakwa ya biyo, shi ya danna makunnin. Inna ta samu barci, Elkana ya ji ya yi maganin ɗan iska.

Washegari maza suka taru a zaure, kowa da mayafin addu'a a kafaɗa. Elkana ya zuba wa ƙofa ido yana jiran mutum na goma. Shiru. Rana ta ɗaga, baƙi suka fara tari suna gyara tsayuwa. Inna ta sa an kawo ta bakin taga don ta ji an ambaci sunan mijinta. Elkana ya kama hannun Menashe ya ce ina mutumin da ya yi masa alkawari.

Menashe ya leƙa baranda, ya leƙa bayan gida, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ikon Allah, ina Baba Hayim ya shiga? Bayahuden da ya rage kaf ƙauyensu ke nan, tare suka taso da mahaifinka. Don addu'ar nan ya zo tun jajibiri yana kwana a baranda. Ai shi ne na goman."